Muryar Namiji A Ɗakina

Masu bibiyar labarina, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku, har da wadda ta rubuto wai ko an ɗaura auren ne na ɓoye muku don kada ku ci shinkafa. 'Yar'uwa, ina ma a ce haka ne. Abin da ya faɗo mini a makon nan ne ya sa ko wayar na ɗauka sai in ajiye ta. Yau dai na ce sai na amayar da shi, ko na samu numfashi.

Wadda ta shigo yanzu, sunana Rumaisa, a Talata Mafara aka haife ni. Gidanmu gidan mahauta ne. Babanmu, Malam Sambo, tun kafin a san za a yi ni yake fawa, ni da Inna kuma muna dambun nama na sayarwa, irin wanda ake cika bokitin roba da shi a kai gidan biki. In kika shigo lungunmu ba sai kin yi tambaya ba, hancinki zai kawo ki ƙofarmu.

Dambun nan ne ya haɗa ni da Mujahid. Ɗan Dakko ne ta ƙasar Bakura, ya yi karatun aikin gona ya koma gida yana noman shinkafa da albasa. Ya zo karɓar saƙon dambu na bikin ƙanwarsa, ya ɗanɗana, ya ce yaji ya yi yawa. Na ce masa bakin mutanen ƙauye ne bai saba da daɗi ba. Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Daga ranar kullum sai ya samo dalilin sayen dambu, har na fara tausaya wa aljihunsa. Yanzu maganar ta je gaban manya, an kawo goro, sa rana kawai ya rage, an ce sai an gama yankan shinkafa.

Abin da Mujahid bai sani ba, kuma ku ma ban taɓa gaya muku ba, shi ne ina da ciwon baya.

Gab da Babbar Sallah ya same ni. Aiki ya yi mana yawa, na sunkuya zan sauke babbar tukunyar nama daga murhu ni kaɗai, romo cike da ita. Sai na ji ƙas a ƙasan bayana, daidai inda ake ɗaura zane. Ban yar da tukunyar ba, wannan kam har yau ina yaba wa kaina, amma da rarrafe na shiga ɗaki. Tun daga nan ruku'u ya zama mini aiki, sai na dafa bango. Daka kuwa, in na ɗaga taɓarya sau kaɗan sai hawaye. In na daɗe a zaune, tashi sai na yi dabara kamar tsohuwa.

Inna ta dafa mini ruwan zafi, ta gasa, ta shafa man zafi, sannan ta janyo ƙofa ta zauna a bakin gadona.

"Ki ji ni da kyau, Rumaisa. Maganag ga ta mutu cikin ɗakin ga."

"Inna, ciwo hwa na, ba sata niy yi ba."

"Na sani. Amma mutanen ƙauye na, mace mai ƙwari su ka so. Da ƙyar sunka haɗiye cewa ke ɗiyar mahauta ta, sannan a ce musu bayanki na ciwo? Cewa za su yi ba ki iya riƙon ciki. Ko shi yaron kar in ji kin hwaɗa mai."

Kada ku zagi Inna, don Allah. Tsoro ne ya yi mata yawa, kuma ba ƙarya ta faɗa ba, na sha jin mata suna irin wannan maganar a kan 'yar wani.

Inna ta so a kai ni a yi mini lalas a ɓoye, na ce sai dai a ɗaure ni. Ku 'yan birni da ba ku san lalas ba, ƙarfe ake sawa a wuta sai ya yi ja, a ɗora a daidai inda ke ciwo. Na girma ina ganin bayan Baba in ya tuɓe riga zai yi wanka, tabo a jere baƙi ƙirin, na lalas ɗin da aka yi masa saboda ɗaukar cinyoyin shanu. Har gobe kuma in zai miƙe daga sallah sai ya yi nishi ya kira sunan Allah.

Mardiya ce ta cece ni. Ƙawata ce tun firamare, yanzu tana aiki a sashen gashin ƙashi na asibiti. Ta kai ni wurin likita da sunan rakiya, aka duba ni, aka ce ƙashi lafiya lau, naman wurin ne ya ji rauni kuma ya yi sanyi, motsa jiki yake so. Sai dai zuwa asibiti a kai a kai a garin nan daidai yake da yin shela a kasuwa. Kafin ki kai bakin ƙofa an gaya wa kakarki.

"Kawo wayarki," in ji Mardiya. "Kwanciyag ga da ki kai ita ka ƙara miki ciwon. Akwai manhajar da mu ka sa ma marasa lahiya, cikin ɗakinki za ki yi abinki, ni kuma ina ganin yadda ki ka ci gaba daga tawa."

Haka na shiga. Kullum safe da yamma manhajar za ta tambaye ni yaya ciwon, ta jero mini fuskoki daga mai dariya zuwa mai kuka in taɓa wadda ta dace da ni. Daga nan sai zanen wata mata ya fito yana nuna abin da zan yi. Akwai wanda nake durƙusawa in gantsare in lanƙwashe kamar mage, akwai na janyo guiwa zuwa ƙirji, akwai na kwanciya rigingine a ɗaga ƙugu. Ana jingine wayar ne kyamara tana kallon mutum, in kika karkace ta gyara miki. Muryar da ke magana iri biyu ce: ta mace da Turanci, mai sauri kamar ana korar ta, sai ta Hausa, wadda wani namiji ya naɗa. Ni da Turancina na jarrabawa, ai ta Hausar na zaɓa.

Muryar nan mai kauri ce, a natse, kuma komai kika yi sai ta ce "yauwa". Na sa masa suna Malam Yauwa. Da yake ni kaɗai ce a ɗaki, kuma bakina ba ya iya zama haka nan, sai na saba ina ba shi amsa. Ya ce ɗaga, in ce na ɗaga. Ya ce riƙe, in ce kai ka zo ka riƙe mana.

Kuma wallahi abin ya yi mini aiki. A hankali na daina dafa bango a sallah. Na koma daka, kaɗan kaɗan, ina tsayawa yadda aka koya mini. Ciwon bai tafi duka ba, yana leƙowa in na yi ganganci, amma na fara mantawa da shi wuni guda. Har na fara lissafin cewa kafin a kai ni Dakko na warke, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Sai ranar Talatar nan.

Kun san Talata ranar kasuwarmu ce, gari cike da baƙi. Baba yana mahauta tun asuba, Inna ta tafi kai dambu gidan suna. Zafi ake kamar a tukunya, ba wuta, fanka ta tsaya tana kallona. Na cire doguwar rigata na bar shimi da dogon wando mai kama jiki, na shimfiɗa tabarma, na jingine wayar a jikin kular abinci a kan kujera 'yar tsugunne. Abin sauraren da nake sawa a kunne ya lalace tun makon jiya. Maƙwabtanmu kuma sun tayar da injin markaɗe, don haka na ƙure murya har ƙarshe.

"Kwanta rigingine," in ji Malam Yauwa. "Tanƙwara guiwoyinki. Matsa baya kaɗan, ba a ganin jikinki duka."

Na matsa.

"Yauwa. Yanzu ɗaga ƙugunki sama, a hankali. Ƙara ɗagawa."

"Kai Malam, ka cika takura," na ce ina dariya. "To ga shi nan, ka gani?"

"Yauwa, madalla."

Haske ne ya fara canzawa a ɗakin. Na juya kaina, sai ga labule a ɗage, ga Gwaggo Baturiya tsaye.

Ƙanwar mahaifin Mujahid ce. Farar mace doguwa, shi ya sa ake ce mata haka, kuma a gidansu ba a yanke magana sai da ita. Duk Talata takan shigo kasuwa, wani lokaci ta biyo ta gaida Inna. Ranar tana sanye da atamfa ruwan ganye da farin mayafi, buhun dankali ɗan ƙarami a hannunta. Na tabbata ta yi sallama, ƙarar inji ce ta cinye ta. Idonta ya tafi kan wayar, ya dawo kaina, ya sake komawa kan wayar.

"Riƙe a haka," in ji muryar.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Gwaggo. Ta saki buhun, ta saki labulen.

Kun san abin takaici? Mai ciwon baya ba ta zabura. Sai na juya gefe, na dafa hannu, na miƙe daki-daki kamar yadda aka koya mini. Kafin in lalubo hijabi in fito, tsakar gida ba kowa sai dankali da ya watse, kaji suna zagaya shi. Na leƙa waje, ko mayafinta ban hango ba.

Na tsince dankalin nan ɗaya bayan ɗaya ina kuka, ban ma san me ya sa nake tsince shi ba.

Kullum bayan la'asar Mujahid yakan turo mini saƙo iri ɗaya: "'Yar Mafara, an ci abinci ko ana jiran in kawo?" Ranar la'asar ta wuce, ba komai. Sai gab da magariba wayar ta yi ƙara.

"Wane ne?"

Kalma biyu ke nan. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa.

"Ba kowa ba ne wallahi. Ba yadda Gwaggo ta ɗauka ba ne."

"To yaya ne? Ta ce da kunnenta ta ji namiji, da idonta ta gan ki."

"Ka ba ni lokaci zan yi maka bayani."

"Bayani yana buƙatar lokaci ne, Rumaisa?"

Bai taɓa kiran sunana haka tsirara ba. Na kira shi, ta yi ta ringi har ta katse.

Da Inna ta dawo na zayyane mata komai. Ta zauna daɓas a kan turmi, mayafinta ya zame bai dame ta ba.

"Na shiga uku. Ba na ce ki riƙa sa sakata ba?"

"Zahi a kai, Inna. Ni dai yanzu ki bar ni in nuna musu manhajar, magana ta ƙare."

"Ki ce musu motsa jiki na na rage ƙiba, irin na 'yan boko."

Na dubi kaina. Ni da in iska ta taso Baba ke cewa a riƙe Rumaisa.

"Inna, wace ƙiba? Kuma da an buɗe ta abin da ta ka hwara tambaya shi na ciwon baya. Ga hoton baya nan an yi mai ja. Ba ta ɓoyuwa."

"To ba a nuna ta. Ki ce bidiyo na ki ka kallo, ki rantse, mu tsaya a kan haka. Zargi shina wucewa. Ciwo kuwa in sunka ji, ba su mantawa."

A nan ne na san ni da Inna mun rabu hanya. Wane zargi ne ke wucewa? A ce 'yar Malam Sambo tana tuɓewa tana nuna wa namiji jikinta a waya, wannan ko na tsufa da jikoki sai an nuna ni da baki. Amma kuma in na wanke kaina, na tona abin da muka daɗe muna binnewa. Ko ta ina na juya, Mujahid ne nake gani yana yin nisa.

Laraba ban fita ko zaure ba. Da hantsi Mardiya ta turo: "Ke lafiya? Wata mai jinya 'yar Bakura ta tambaye ni wai ko ke ce aka kama da waya." Ashe tun a motar komawa Gwaggo ta kasa riƙe abin a cikinta. Na kifa wayar na ja zane na rufe kaina, ga zafi ga baƙin ciki. Ranar ko fuskokin manhajar ban taɓa ba, don babu mai irin kukan da nake yi.

Alhamis da safe suka zo, Gwaggo Baturiya da mahaifiyar Mujahid. Sunanta Larai, amma bakina ba ya iya kama sunan, Iya nake ce mata. Gajeriya ce baƙa, mai ƙaramar murya, ta sa leshi ruwan ƙasa wanda daga gani na zuwa unguwa ne, karin guga bai bar shi ba. Inna ta shimfiɗa musu sabuwar darduma a ɗakinta, ta kawo ruwan randa da dambu a faranti. Ba wadda ta kalli farantin.

Aka gaisa. An tashi lahiya, ya gida, ya iyali, ya zahi, ya mutanen Dakko, ya Malam, ya kasuwa, ya gajiyar hanya. Aka sake zagayowa. Ina bayan ƙofa ina jin kowace "lahiya lau". Da gaisuwa ta ƙare, sai Iya ta ce a kira yarinyar.

Na shigo da dogon hijabina ruwan toka har ƙasa, na durƙusa na gaishe su. Iya ce kawai ta amsa.

Inna ta riga kowa. "Wallahi bidiyo na ta ka kallo, irin na yaran zamani. Kun san su da..."

"Bidiyo ka amsa ma mutum?" Gwaggo ta katse Inna, har da kama sunanta. "Taibatu, ni ba yarinya ba ta. Ya ce ta matsa ba a ganin jikinta, ta matsa. Ta ce mai ka cika takura, ga shi nan ka gani. Da kunnen ga nawa nij ji. Mu dai mun zaka a hwaɗa muna gaskiya, in da wani a bar muna ɗanmu shi huta."

Inna ta dube ni. Na san kallon, roƙo ne. Na sunkuyar da kai don kada in gan shi, na miƙe na fita. Na dawo da tabarmata, da kular abinci, da waya.

"Rumaisa," in ji Inna a hankali.

"Ki yahe man, Inna."

Na jingine wayar, na ƙure murya, na taɓa.

"Barka da hantsi. Yaya ciwon bayanki yau?"

Ban kalli kowa ba. Na taɓa fuskar tsakiya, na kwanta a gabansu da hijabina, na tattare shi zuwa guiwa. Muryar ta ce in tanƙwara guiwa, na tanƙwara. Ta ce in ɗaga ƙugu, na ɗaga. A gaban uwar mijin da zan aura, jama'a. Da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

"Shi na! Wallahi muryas shi ta!" in ji Gwaggo.

"Gwaggo, ba mutum ba na, naɗaɗɗiyar murya ta kamar ta rediyo. Ki yi mai magana ki gani."

Ta matso da rarrafe, ta kai bakinta kusa da wayar kamar mai leƙa rijiya.

"Kai! Wane ɗan iska na kai? Ɗan gidan wa?"

"Yauwa, madalla," in ji Malam Yauwa. "Sauke a hankali."

"Ni ka ka ce ma madalla? Ka hito in kai namiji na!"

"Numfasa. Za mu sake."

Dariya ta kuɓuce wa Iya, ta toshe baki da gefen mayafi. Na nuna musu zanen matar da ke motsi, na nuna musu sunan Mardiya da saƙonninta, na kashe data na sake kunna shi ya maimaita maganarsa tiryan-tiryan. Gwaggo ta koma mazauninta, fuskarta ta yi ja har kunne.

"To," ta ce tana gyara ɗaurin kallabi. "Allah shi yahe muna. Ni abin da nig gani shi nif faɗi."

Wani sanyi ya ratsa ni. Na ce a raina shi ke nan, na tsira. Ban ko gama sauke numfashin ba na lura Iya ta daina dariya. Ba fuskata take kallo ba, ƙuguna take kallo.

"Tun yaushe bayan ka ciwo?"

Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

"Tun kahin Babbar Sallah, Iya. Amma na samu sauƙi ƙwarai."

"Kuma anka karɓi goronmu ba a hwaɗa muna ba."

Ba faɗa ta yi ba, da ma faɗan ta yi. A hankali ta ci gaba, kamar mai ba da labarin gona.

"Ɗiyata, ba ƙin ki ni kai ba. Tun randa nig gane ki hankalina ya kwanta da ke. Amma gidanmu ba irin naku ba na. Rijiya muna ja da hannu. Daka sahe da marece. In ana aikin gona, tuwon mutum goma za ki ɗauka bisa kai har hwadama. Ga haihuwa na tahe, in Allah ya kawo. Bayan mace shi na jarinta. In anka kai ki can kinka kwanta, ni da ke duka mun ji kunya."

"Iya, ina daka yanzu. Likita ya ce in nic ci gaba..."

"Waya ba ta magani, ɗiyata." Ta ɗaga hannu. "Akwai mai lalas a Damaga, can ƙasar Maradun, gadon gidansu na. Shi yay yi man nawa bayan haihuwar Mujahid. Assabar in zaka da kaina in kai ki. Wuri ukku ko huɗu zai taɓa, ki yi kwana kaɗan kina jinya. In ya warke, a sa rana."

"Mun gode, mun gode," Inna ta cafe da murna tun kafin in buɗe baki. "Allah shi saka da alheri. Assabar tana nan tana jiran ki."

Suka tashi tafiya. Gwaggo ta miƙe tsaf. Iya kuwa sai da ta dafa guiwa da hannu ɗaya, ta kama ƙofa da ɗayan, ta yi nishi ta kira sunan Allah, irin na Baba sak. Ta ɗan tsaya a sunkuye kafin bayanta ya yarda ya miƙe. Ni kuma na durƙusa har ƙasa na yi musu sallama, na tashi ban dafa komai ba. Ba wadda ta lura.

Da suka fita na rubuta wa Mardiya. Amsarta ta zo nan take: "Kada ki yarda. Ƙuna a fata take tsayawa, ciwonki yana can ciki. Ga zafin nan, gyambo zai iya zama. Kuma sai kin daina motsa jiki har ya warke, duk wahalar da kika sha ta koma baya." Na nuna wa Inna. Ta ce Mardiya ba ita za ta aure ni ba.

Yau Juma'a, bayan an sauko masallaci, aka ce ana sallama da ni. Na san ƙarar babur ɗinsa tun daga bakin lungu. Na sa atamfata shuɗiya da ya taɓa cewa tana yi mini kyau, na shafa kwalli don ya rufe kumburin idona, na fita zaure.

Yana zaune a kan benci da farar shadda, ya rame a kwana ukun nan, ko ni ce nake ganin haka. Na zauna a ɗaya gefen. Muka gaisa kamar baƙi.

"Ki yahe man," ya ce. "Na zarge ki da abin da ba halinki ba. Ban yi barci ba tun Talata."

"Ya wuce."

"Amma Rumaisa, wata nawa kina ciwo? Ina zuwa nan ina zuba miki surutu kina zaune kina cije baki. Waya ta sani, Mardiya ta sani, ni ban sani ba."

Wannan ta shige ni, don gaskiyarsa ce. Ban ce Inna ce ta hana ba. Na ce tsoro na ji.

"To ya wuce shi ma." Ya matso kaɗan, muryarsa ta yi laushi irin yadda take yi in yana lallashina. "Yanzu abu guda ya rage. Ki daure ki bi Iya gobe. Na san da zahi, amma sau guda na. In kinka yi, bakin kowa ya mutu, a sa muna rana. Ni zan kai ku da kaina, in tsaya bakin ƙohwa."

"Kai da ka yi karatu, ka yarda ƙarhe mai wuta shina warkar da baya?"

Ya sosa ƙeya. "Ba maganar yarda ba ta. Maganar Iya ta."

"Ka ga yadda ta ka tashi daga zaune?"

Ya kawar da kai yana kallon babur ɗinsa.

Tambayar da ke cina tun jiya ta taso, na so in haɗiye ta, ta ƙi.

"Mujahid, in tambaye ka. A ce na bi Iya. An ƙona ni, na yi jinya, tabo ya zauna. Sannan bayan bai daina ciwo ba, kamar nata, kamar na Baba. Ranar za a sa, ko ba a sawa?"

Mujahid mai baki ne. Tun ranar da ya ce dambuna ya yi yaji ban taɓa jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar. Na ba shi lokaci, wallahi na ba shi, har mai tallan ruwa ya wuce ya dawo.

A cikin hijabina wayar ta yi 'yar ƙara, lokacin motsa jikina na yamma ya yi. Duk mun ji ta.

Na miƙe, ban dafa bango ba.

"Ka gaida Iya," na ce. "Ka ce mata kar ta wahal da kanta gobe."

Ya kira sunana sau ɗaya. Na tsaya a bakin ƙofar cikin gida, bayana gare shi, ina jiran sauran maganar. Ba ta zo ba.

Yanzu haka ina ɗaki, na sa sakata, tabarma a shimfiɗe. Inna tana tsakar gida tana goge mini zanen da zan sa gobe, don ban gaya mata ba tukuna. Babur ɗinsa kuma har yanzu ban ji tashinsa ba.